KWAMFUTA 'YAR TAFIN HANNU DA TSOHON AKWATIN TALABIJIN

Gabatarwa

Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A gidaje da yawa na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai tsohon akwatin talabijin mai ƙaton baya, an ajiye shi a lungun ɗaki ƙura ta rufe shi, tun lokacin da aka sayi sabo mai faifayin gilashi, ko tun da aka daina yayin kaset na bidiyo. Wannan akwati da aka raina yana iya zama allon kwamfuta ga ɗalibi, muddin an san yadda za a haɗa shi da wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake kira Raspberry Pi.

Abin ya wuce wasa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibin da bai taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba sai ranar jarrabawa, ko da ya san amsa, fargaba da neman madanni za su cinye masa lokaci. Allon kwamfuta kuwa yakan fi ita kanta ƙaramar kwamfutar tsada. Saboda haka idan makaranta ko gida suka iya amfani da akwatin da suke da shi, an rage rabin wahala.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Mutane da yawa sukan haɗa wayoyi su kunna, sai su ga duhu, ko hoto baƙi da fari yana ta birgima, ko rubutu ƙanana da ba su karantuwa. Daga nan sai su yanke hukunci cewa an sayar masu da matacciyar na'ura. Mafi yawan lokaci kuwa lafiyarta lau. Wannan rubutu zai bayyana dalilin kowace matsala da maganinta.

Mece ce Raspberry Pi?

Kwamfuta ce cikakkiya a kan ɗan allo guda, girmansa bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba. Wata gidauniya da ke birnin Kambirij na ƙasar Ingila ce ta ƙirƙiro ta, ƙarƙashin jagorancin Eben Upton da abokansa, domin yara su koyi ilimin kwamfuta da kuɗi kaɗan. An fara sayar da ita a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35. Ba ta zuwa da allo ko kibod ko maus, kuma duk manhajarta tana cikin ɗan katin memori irin na wayar hannu. Wutar da take ci bolt 5 ce kacal, wato daidai da ta cajin waya.

Wani amfaninta da ya shafe mu shi ne tana iya aiki ba tare da intanet ba. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wasu wurare suka yi fiye da wata biyu babu sabis. Kwamfutar da aka riga aka zuba wa littattafai, da tambayoyin gwaji, da kundin Wikipedia ta hanyar manhajar Kiwix, irin wannan yankewa ba ta hana ta aiki.

Tana da hanya biyu ta fitar da hoto. Ta farko ita ce HDMI, wadda sababbin talabijin ke amfani da ita. Ta biyu ita ce tsohuwar hanyar nan ta waya mai kai uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, wadda muka saba gani a bayan bidiyo da DVD da dikoda, ana kiranta AV. Kai mai ruwan ɗorawa shi ke ɗauke da hoto, fari da ja kuwa na sauti ne. A kan wannan hanya ta biyu za mu yi magana.

Yadda akwati ke zana hoto

Kafin a yi magani sai an san cuta. Tsohon akwatin talabijin ba ya nuna hoto a dunƙule. Layi-layi yake zana shi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kamar manomi yana jan kunya a gona, amma da saurin da ido ba ya iya bi. Ƙasashen duniya ba su yi ittifaƙi a kan yawan layukan ba, shi ya sa aka samu tsari uku.

Na farko shi ne NTSC na Amurka, wanda aka amince da mai launinsa a 1953. Yana da layi 525, ana ganin 480 daga ciki, kuma yana share fuskar akwati kusan sau 60 a daƙiƙa. Na biyu shi ne PAL, wanda injiniya Walter Bruch na kamfanin Telefunken a Jamus ya ƙirƙiro, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967. Yana da layi 625, ana ganin 576, yana share fuska sau 50 a daƙiƙa. Na uku shi ne SECAM na Faransa, wanda yawan layukansa daidai yake da na PAL, amma hanyar aika launi ta bambanta.

Nijeriya ta fara talabijin a Ibadan a 1959, Arewa ta samu nata a Kaduna a 1962, kuma da aka shiga zamanin launi a tsakiyar shekarun 1970, tsarin PAL aka bi. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta bi SECAM kamar sauran ƙasashe renon Faransa. Ko da yake tun 2016 aka fara sauya watsa shirye-shirye zuwa na dijital daga garin Jos, tsofaffin akwatunan da ke gidajenmu har yanzu PAL suka sani.

To, ga tushen matsalar. Idan an haɗa kwamfuta da allo ta HDMI, suna gaisawa. Allon yana gaya wa kwamfuta girmansa da irin hoton da yake iya karɓa, ita kuma ta daidaita kanta. Wayar AV kuwa hanya ce mai tafiya ɗaya, hoto yana fita amma babu labarin da ke dawowa. Kwamfutar ba ta san ko akwatin PAL ne ko NTSC ba, ba ta ma san ko an kunna shi ba. Saboda haka sai ta yi kirdado, kuma idan ba a gaya mata komai ba, NTSC take zaɓa. Aikin mai ita ne ya rubuta mata abin da ya dace da hannunsa.

Matsala ta farko: babu hoto sam

A fara da abu mai sauƙi. A tabbata an juya akwatin zuwa AV da rimot ko madannin gabansa. Idan yana da AV1 da AV2, a gwada kowanne. A duba kuma ramin da aka soka wayar, domin wasu akwatuna suna da jeri biyu a baya, ɗaya na shigar da hoto mai alamar IN, ɗaya na fitarwa mai alamar OUT. Hanya mafi sauri ta wanke akwatin daga zargi ita ce a jona masa DVD ko dikoda a ramin nan. Idan ya nuna, to laifin ba nasa ba ne.

Akwatunan gwanjo da suka fito daga Turai sukan zo da wani dogon rami mai haƙora 21 da ake kira SCART a maimakon AV. Ana samun ɗan mahaɗi da ke mayar da shi AV, kuma yana da ɗan makunni da dole a tura shi ɓangaren IN. Akwatin da ba shi da komai sai ramin eriya kuwa, tsohon bidiyo na kaset yana iya zama masa tsani. A shigar da hoton kwamfuta ta AV na bidiyon, a fitar ta wayar eriya zuwa akwati, sannan a kamo tashar bidiyon.

Sai a duba wace irin Raspberry Pi ce a hannu. Ta farko, ta 2012, tana da rami mai ruwan ɗorawa irin na DVD, babu wahala. Daga samfurin B+ na 2014, da Pi 2, da Pi 3, da Pi 4, an haɗe hoto da sauti cikin ɗan rami guda irin na abin sauraro na kunne. Pi Zero ta 2015 da Pi 5 ta 2023 ba su da ramin ko kaɗan, sai wasu 'yan gurabe biyu a jikin allon waɗanda ake liƙa wa waya da dalma. Wannan aikin a kai wa mai gyaran rediyo ko waya wanda hannunsa ya faɗa.

A nan ne waya ke yaudarar mutane. Kan wayar da ke shiga ɗan ramin ya kasu gida huɗu, da baƙaƙen zobba uku a tsakani. A tsarin Raspberry Pi, idan an ƙirga daga tsini, gida na farko sautin hagu ne, na biyu sautin dama, na uku hanyar da wuta ke komawa, na huɗu na kusa da roba shi ne hoto. Amma kamfanoni ba su bi tsari ɗaya ba. Wayoyi biyu za su yi kama kamar tagwaye a kan teburin mai kaya ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, alhali cikinsu daban. Wayar kyamarar bidiyo, alal misali, takan sauya wurin hoto da sautin dama. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo, a zare jan kai a soka shi a ramin akwati mai ruwan ɗorawa, sau da yawa sai hoto ya bayyana. Idan an gwada kawuna ukun duka babu hoto mai kyau, kuma lasifika tana ta ƙugi, to wayar tana cikin waɗanda aka sauya wa hanyar komawar wuta, ba za ta yi ba sai an samo wata. Mai gyara yana iya auna ta da mita cikin minti biyu ya faɗi gaskiyar lamari kafin a biya kuɗi.

Har wa yau, a zare wayar HDMI kafin a kunna, domin idan kwamfutar ta ji akwai HDMI can za ta tura hoto. Pi 4 kuwa, wadda ta fito a 2019, an kashe mata hanyar AV tun daga masana'anta, sai an rubuta mata umarni ta buɗe. Wannan ya kawo mu ga wurin da ake rubuta umarni.

Takardar umarni

A cikin katin memori akwai wani ɗan fayil mai suna config.txt, wanda kwamfutar ke karantawa duk lokacin da aka kunna ta, da wani kusa da shi mai suna cmdline.txt. Abin farin ciki shi ne ba sai ana ganin hoto ake iya gyara su ba. A kashe kwamfutar, a zare katin, a sa shi a wata kwamfuta, ko a shagon masu buga takardu ne, a buɗe fayil ɗin da Notepad. Idan Windows ta nemi izinin goge katin don ta tsara shi, kada a yarda, domin duk abin da ke ciki zai salwanta. Kafin a taɓa komai a kwafi fayilolin biyu a ajiye gefe, saboda idan an ɓata a samu wurin komawa. A lura kuma, duk layin da ya fara da alamar # kwamfutar tana tsallake shi.

Abin da ke rikita mutane shi ne umarnin iri biyu ne, na da da na yanzu. Manhajar Raspberry Pi OS da ta fito kafin ƙarshen 2021 tana bin tsohon tsari. Daga fitowar da ake kira Bullseye a ƙarshen 2021, da Bookworm ta 2023, da abin da ya biyo baya, sabon tsari ake bi, kuma yawancin tsofaffin umarni ba sa tasiri a cikinsa. Mutum zai kwafo umarni daga tsohon littafi, ya rubuta daidai, ya ga babu abin da ya canza, ya ce abin ƙarya ne. Hanyar ganewa ita ce a duba cikin config.txt. Idan akwai layin da ke ɗauke da vc4-kms-v3d kuma babu # a gabansa, to sabon tsari ne.

Don buɗe AV a tsohon tsari, ga Pi 4 a ƙara wannan layi:

enable_tvout=1

Idan an ga layin hdmi_force_hotplug=1 a sa masa # a gaba, domin shi ke tilasta hoto ya bi HDMI. A sabon tsari kuwa, a nemi layin nan mai vc4 a ƙara masa kalma ɗaya a ƙarshe ya koma haka:

dtoverlay=vc4-kms-v3d,composite

Mai Pi 4 ya rubuta layukan biyu duka. A sani cewa idan an buɗe AV a Pi 4, HDMI zai daina nunawa har sai an mayar da umarnin yadda yake.

Matsala ta biyu: baƙi da fari, ko hoto na birgima

Wannan ita ce cutar kirdadon da muka ambata. Kwamfuta tana aiko da NTSC, akwati yana jiran PAL. Launi a wayar AV yana hawa ne a kan wani siririn kaɗawar wuta, kuma saurin kaɗawar ya bambanta, na PAL miliyan 4.43 a daƙiƙa, na NTSC miliyan 3.58. Akwatin da ya nemi launi a inda ya saba bai samu ba, sai ya nuna baƙi da fari. Idan kuma ya kasa bin share 60 a maimakon 50, sai hoto ya riƙa gangarawa kamar guga a rijiya.

A tsohon tsari a rubuta wannan cikin config.txt:

sdtv_mode=2

Lamba 0 NTSC ce, 2 kuwa PAL. A sabon tsari sai a buɗe cmdline.txt, a je ƙarshen layin da ke ciki, a bar tazara ɗaya, a ƙara:

vc4.tv_norm=PAL

A yi hattara a nan. Duk abin da ke cikin cmdline.txt dole ya zauna a layi guda, komai tsawonsa. Wanda ya sauko sabon layi, kwamfutar ba za ta karanta abin da ya ƙara ba.

Mutanen Zurmi da Shinkafi da ke kan iyaka, waɗanda wataƙila akwatinsu ta wajen Maraɗi ya shigo, su leƙa cikin jerin saitin akwatin. Idan an ɗaure tsarin launi a kan SECAM, a mayar da shi AUTO ko PAL. Yawancin akwatunan da aka yi daga shekarun 1990 zuwa gaba suna karɓar tsari fiye da ɗaya. Irin waɗannan suna iya nuna NTSC da launi, har mutum ya zaci komai ya yi daidai. Duk da haka ya kamata a koma PAL, domin layi 576 ya fi 480 da layi 96, kuma ga mai karatu wannan ƙarin layukan rubutu ne.

Matsala ta uku: gefen hoto ya ɓace, ko baƙin gyaffa ya kewaye shi

Masu ƙera tsofaffin akwatuna da gangan suke sa hoto ya ɗan zarce bakin gilashi ta kowane ɓangare, don kada mai kallo ya ga gefen da bai daidaita ba. A wasan kwaikwayo babu wanda zai damu, amma a kwamfuta madannai masu muhimmanci a gefe suke zama. Saboda haka tsohon tsarin Raspberry Pi yakan janye hoton ciki da ɗigo 32 ta kowane gefe. Shi ya sa mai dubawa zai ga an rubuta masa girman allo 656 da 416 idan NTSC ne, ko 656 da 512 idan PAL ne, ya yi ta mamakin inda aka samo waɗannan lambobi. Lissafin a fili yake, 720 a cire 64 saura 656, sannan 576 a cire 64 saura 512.

Idan gyaffan ya yi yawa, a rubuta disable_overscan=1 don a cire shi duka, sannan a duba. Idan gefe ya ɓace, a mayar da shi kaɗan-kaɗan da waɗannan layuka:

overscan_left=16
overscan_right=16
overscan_top=16
overscan_bottom=16

Ƙara lamba yana tura hoto ciki, rage ta yana faɗaɗa shi. A sabon tsari ana yin wannan a cmdline.txt, a layi gudan nan, kamar haka:

video=Composite-1:720x576i,margin_left=24,margin_right=24,margin_top=16,margin_bottom=16

Babu lamba guda da ta dace da kowane akwati, domin ko akwatuna biyu 'yan kamfani ɗaya ba sa yanke gefe daidai wa daida. Sai an gwada, a kashe, a kunna, a sake gwadawa.

Idan kuma mutane sun fito a miƙe kamar an ja su, ko da'ira ta koma kamar ƙwai, matsalar siffa ce. Tsohon akwati faɗinsa huɗu ne tsayinsa uku, sabo kuwa 16 da 9. A tsohon tsari sdtv_aspect=1 na tsohon akwati ne, 3 na mai faɗi. Sabon talabijin da aka jona ta AV yana da madannin sauya siffa a rimot ɗinsa.

Matsala ta huɗu: rubutu ya yi dishi-dishi

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Babu umarnin da zai sa wayar AV ta wuce ɗigo 720 a kwance da layi 576 a tsaye. Idan an ninka su za a samu ɗigo 414,720. Allon zamani mai 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, wato ninki biyar cif. Bugu da ƙari, haske da launi a waya ɗaya suke tafiya, akwati ne ke ƙoƙarin raba su, kuma ba ya rabawa tsaf. Shi ya sa ake ganin wasu 'yan ɗigogi suna tafiya kamar tururuwa a bakin haruffa masu launi, kuma abin da ido ke iya bambancewa bai ma kai 720 ɗin ba.

Wasu sukan rubuta framebuffer_width=1280 da framebuffer_height=720 da fatan ƙara kaifin hoto. Abin da ke faruwa shi ne kwamfutar ta zana babban hoto a cikinta, sannan ta matse shi ya shiga wayar nan dai. Kamar a ɗura mudu biyar na gero ne a jakar mudu ɗaya. Abubuwa da yawa za su bayyana a fuska, amma haruffa za su ƙara ƙanƙancewa su narke.

Dabarar ita ce a girmama rubutu. A baƙin allon nan na rubuta umarni, harafi na yau da kullum faɗinsa ɗigo 8 ne tsayinsa 16, wato haruffa 90 a layi da layi 36, abin da ya fi ƙarfin akwati. A rubuta sudo dpkg-reconfigure console-setup, a zaɓi haruffan Terminus masu girman 16x32. Za a samu haruffa 45 a layi da layi 18, waɗanda ɗalibi zai karanta ba tare da ya matse ido ba. A allon hotuna kuwa a shiga wurin saita kamanni a ƙara girman haruffa. Wajen karanta shafi, a danne Ctrl a buga alamar tarawa har sai rubutu ya fito sosai. Baƙin rubutu a kan fari ko toka-toka ya fi fita. A guji ja a kan shuɗi. A rage launi da kaifi daga saitin akwatin kansa, tururuwan nan za su ragu.

Akwai kuma karkarwar siraran layuka. Dalilinta shi ne akwati yana zana layukan mara a share ɗaya, layukan cika a share na biyu. Layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne sau 25 kawai yake bayyana a daƙiƙa, sai ido ya ga yana ƙyaftawa. Manyan haruffa suna rage wannan. A tsohon tsari sdtv_mode=18 yana kawar da karkarwar gaba ɗaya, amma layukan sun koma 288. Ya dace da tsofaffin wasanni, bai dace da karatu ba.

Matsala ta biyar: wuta

Idan an ga wani baƙin ratsi yana hawa ko sauka a hankali, ko hoto yana rawa, ko kwamfutar tana mutuwa tana tashi, a zargi wuta. Pi 3 tana son caja mai amfiya 2.5, Pi 4 tana son mai 3. Cajar waya mai araha da siririyar waya ba sa kai wannan. Idan wuta ta faɗi ƙasa da bolt 4.63 kwamfutar takan yi gargaɗi, a tsohon tsari da alamar walƙiya a kusurwar allo, a sabo da rubutu. Ƙaramin janareta ma yakan jawo ratsi idan wutarsa tana hawa da sauka. A gwada ta da batirin cajin waya mai ƙarfi. Idan ratsin ya ɓace, an gano ɓarawo.

A bar wayar AV gajera, kada ta kwanta a jikin wayar lantarki. A nisanta babbar lasifika daga akwati, domin maganaɗisunta yana ɓata launi ya bar tabo kore ko shunayya a gilashi. Lokacin hunturu ƙura tana cika ramuka, a hure su a goge kawunan waya. Kuma a riƙa kashe kwamfutar ta hanyar umarni kafin a zare wuta, domin yankewa ba zato tana lalata katin memori.

Gargaɗi na musamman ga ɗalibai: kada wanda ya kuskura ya buɗe bayan tsohon akwatin talabijin. A cikinsa akwai wuta ta dubban bolt, a mai launi tana kaiwa wajen 25,000, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare filogi. Duk gyaran da muka bayyana daga waje ake yin sa. Abin da ya shafi ciki na ƙwararren mai gyara ne.

Kammalawa

Ga tsarin bincike a taƙaice, a bi shi bi da bi:

1. A gwada akwati da DVD ko dikoda.
2. A gwada kawunan waya ukun a rami mai ruwan ɗorawa.
3. A zare HDMI, a buɗe AV cikin config.txt.
4. A saita PAL.
5. A daidaita gefe da siffa.
6. A girmama rubutu.
7. A tabbatar da lafiyar caja.

A canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta shi a littafi tare da sakamakonsa. Wanda ya canza abu biyar tare, ko ya dace ba zai san wanne ya yi magani ba, balle ya koya wa na baya. Idan an samu saitin da ya yi daidai, a rubuta lambobin a takarda a manna a jikin akwatin.

Wajibi ne kuma a san iyakar abin. Tsohon akwati ya isa ga koyon buga rubutu, da gwajin tambayoyin jarrabawa, da kallon darussan bidiyo, da fara koyon tsara manhaja da Python. Bai dace da zanen gini ko dogon lissafi mai ƙananan gidaje ba, kuma yana cin wuta fiye da kwamfutar nesa ba kusa ba, abin da mai amfani da sola zai sa a lissafi. Idan hali ya samu, tsohon allon kwamfuta mai ramin VGA da ɗan mahaɗin HDMI ya fi shi kaifi sosai. Amma kafin nan, da babu gara ba daɗi.

Kaura Namoda gari ne da layin dogo ya iso tun 1929, kuma yana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983. Sanin ƙarfe da waya ba baƙo ba ne a wannan yanki. Muna kira ga iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai, duk mai akwatin da ke kwance ba a amfani da shi, ya kakkaɓe masa ƙura ya miƙa wa yara. Su kuma ɗalibai su yi haƙuri da gwaji, domin mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.